Harshen zare: dabarar da ke sa ƙaramar na'urar lissafi yin babban aiki

A shekarar 1987 kamfanin Hewlett-Packard na Amurka, wanda aka fi sani da HP, ya fito da wata na'urar lissafi ta aljihu mai suna HP-28C. Tana warware lissafin aljabara mai haruffa, tana zana lanƙwasar lissafi a ɗan allonta, kuma mai ita na iya rubuta mata nasa porogaram. Duk da haka wurin ajiyar da take aiki da shi bai wuce kilo-okte 2 ba. Hoto guda da wayar hannu ke ɗauka a yau yakan kai mega 2, wato ya ninka wannan wuri har sau dubu.

To, ina ake zuba wannan aiki duka a cikin wuri ƙanƙane haka? Amsar tana cikin irin harshen da na'urar ke ji. Masana na kiransa da sunan da za a iya fassarawa da "harshen zare", saboda porogaram ɗinsa jerin adireshi ne da aka shirya ɗaya bayan ɗaya, kamar duwatsun wuya a jikin zare. Wanda ya gane wannan dabara ya gane yadda ake cin moriyar na'ura mai ƙaramin ƙarfi, abin da ya shafi duk mai aiki da kayan da ba su da tsada.

Mafassari da tafinta

Ƙwaƙwalwar kowace na'ura, wadda ake kira furosesa, ba ta jin Hausa ko Faransanci. Lambobi kaɗai take ji, kuma umarninta ƙanana ne ƙwarai: ɗauko wannan, haɗa shi da wancan, ajiye a can, tsallaka zuwa wuri kaza. Dole a samu mai shiga tsakani da zai mayar da abin da mutum ya rubuta zuwa waɗannan ƙananan umarni.

Hanya ta farko ita ce ta mafassari, wanda ke ɗaukar porogaram gaba ɗaya ya juya shi zuwa harshen na'ura tun kafin a fara aiki, kamar mai fassara littafi. Abin da ya fito yana gudu da sauri, amma yana da girma, kuma shi kansa mafassarin babbar manhaja ce mai cin wuri. Hanya ta biyu ita ce ta tafinta, wanda ke karanta rubutun layi-layi yana aikatawa nan take. Wannan ba ya buƙatar wuri mai yawa, amma yana da nawa, don duk lokacin da ya ci karo da kalma sai ya sake karanta haruffanta ya nemo ma'anarta, ko da sau dubu ya gan ta.

Harshen zare yana tsakanin biyun. Ana neman ma'anar kowace kalma sau ɗaya tak, lokacin da mutum ya gama rubutawa, sai a maye gurbin kalmar da adireshin wurin da aikinta yake a cikin na'urar. Daga nan sai wani ɗan ƙaramin tafinta ya riƙa bin adireshin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya sake karanta ko harafi guda ba.

Lambobi a gaba, aiki a baya

Kafin a ga yadda ake bin zaren, sai an san inda lambobi ke zama. A makaranta an koya mana rubuta 3 + 4. A irin waɗannan na'urori kuwa ana buga 3, a buga 4, sannan a danna +. Ɗan kasuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba, don haka yake magana kullum: buhu goma, jika ashirin-ashirin, nawa ke nan? Ya faɗi lambobin tukuna, aikin ya biyo baya.

Asalin wannan salo yana komawa ga Jan Łukasiewicz, wani masanin ilimin tunani ɗan ƙasar Polan, wanda a shekarun 1920 ya nuna cewa in aka sa alamar aiki gaban lambobi, ba a buƙatar baka ko kaɗan. A shekarun 1950 Charles Hamblin ɗan Ostareliya ya juya tsarin, alama ta koma baya, saboda ya fi dacewa da na'ura. Shi ne tsarin da HP ta sa a cikin HP-35 ta shekarar 1972, na'urar lissafin kimiyya ta farko da ke shiga aljihu.

Lambobin da aka buga suna zama a wani wuri da za mu kira tsibi. Ku ɗauka kwanuka ne aka jera ɗaya bisa ɗaya: wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Alamar + tana sauke kwano biyu na sama, ta haɗa abin da ke ciki, ta mayar da guda. Don lissafa (3 + 4) × 5 sai a buga 3, 4, +, sannan 5, ×. Bakwai na zaune bisa tsibi tana jira har biyar ta iso, sai amsa ta fito 35.

Amfanin tsibi shi ne kowace kalma ta san inda za ta ɗauki kayan aikinta da inda za ta ajiye sakamako. Ba sai an gaya mata ba. Wannan ne ya sa porogaram zai iya zama jerin adireshi zalla, babu wani ƙarin bayani a tsakani.

Daga na'urar hangen taurari zuwa aljihu

Harshen da ya fi shahara da wannan dabara shi ne Forth, wanda Charles Moore ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Ya so ya sa masa suna da kalmar Ingilishi mai nufin "na huɗu", amma kwamfutar IBM 1130 da yake aiki da ita ba ta karɓar suna mai fiye da harafi biyar, sai ya cire harafi guda. A farkon shekarun 1970 an yi amfani da Forth wajen sarrafa na'urar hangen sararin samaniya mai faɗin mita 11 da ke Kitt Peak a jihar Arizona. A 1973 James Bell ya wallafa bayanin dabarar zaren a wata mujallar masana kwamfuta, kuma a wannan shekarar Moore da Elizabeth Rather suka kafa kamfanin sayar da harshen.

A Forth duk abin da na'ura ta iya yi ana kiransa kalma, kuma kalmomin suna cikin ƙamus. Akwai ƴan kalmomi na asali da aka rubuta da harshen na'ura, misali DUP mai kwafar abin da ke saman tsibi, da SWAP mai musanya biyun sama. Sauran duka an gina su ne daga waɗannan. Mai son kalmar da ke ninka lamba da kanta sai ya rubuta:

: MURABBA DUP * ;

Daga wannan lokaci MURABBA ta shiga ƙamus, ana kiranta kamar yadda ake kiran DUP, kuma ana iya gina wata kalmar bisa kanta.

A 1984 HP ta fitar da HP-71B, ƙaramar kwamfutar hannu mai furosesa da aka sa wa suna Saturn, kuma ana iya ƙara mata Forth ta wani ɗan guntu da ake soka mata. A wannan lokaci ne ƙungiyar injiniyoyin kamfanin da ke Corvallis a jihar Oregon, ƙarƙashin William Wickes, ta fara gina nata harshen mai suna RPL, wanda ya ɗauko tsibi da zare daga Forth, ya ɗauko sarrafa jeri da alamomi daga wani tsohon harshe mai suna Lisp. RPL ya fara aiki a ɓoye cikin HP-18C a 1986, ya fito fili a HP-28C, sannan ya kai ƙarfinsa a HP 48SX ta 1990 da HP 48GX ta 1993.

Ɗan aike da takardarsa

Ga yadda ake bin zaren. Ku ɗauka an ba ɗan aike takarda mai ɗauke da lambobin gidaje kawai. Ya ɗora yatsa bisa lamba ta farko, ya karanta, ya gusar da yatsan zuwa ta gaba, sannan ya tafi gidan da ya karanta. A ƙofar kowane gida akwai alamar da ke faɗin irin gidan.

In gidan ma'aikaci ne, wato kalma ta asali kamar DUP, nan take za a yi aikin, ɗan aike ya koma ga takardarsa inda yatsa yake. In gidan ajiya ne, wato lamba ce a ciki, sai a ɗora ta bisa tsibi. In kuwa ya tarar da wata takardar ce a gidan, mai nata jerin lambobi, kamar MURABBA, sai ya rubuta inda ya tsaya a takardar farko ya ajiye, ya fara bin sabuwar. A ƙarshen kowace takarda akwai adireshi na musamman mai cewa a koma. Da ya isa nan sai ya ɗauko alamar da ya ajiye, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Wurin da yake ajiye waɗannan alamomi shi ma tsibi ne, na biyu, ana kiransa tsibin komawa. Takarda na iya aika shi ga takarda, ita ma ta aika shi ga wata, har hawa da yawa, ba zai ɓata ba, tun da alamar da ya ajiye a ƙarshe ita zai fara ɗaukowa.

Salon zaren iri-iri ne. Akwai wanda adireshin ke kai ka kai tsaye bisa aikin. Akwai wanda sai ka fara duba alamar ƙofa, ita ce za ta nuna maka aikin. Wannan ya fi nawa kaɗan amma ya fi sauƙin sarrafawa. Akwai kuma wanda ke amfani da gajerun lambobi na okte ɗaya ko biyu maimakon cikakken adireshi, sai a duba su cikin wani tebur, kusan yadda na'urorin TI-83 ke ajiye porogaram ɗinsu na BASIC. RPL na bi ta alamar ƙofa, kuma an tsara shi yadda zai karɓi adireshin abu ko abin da kansa a tsakiyar zare.

Abin da ke cikin HP 48

Furosesar Saturn tana ƙirga wurin ajiya da rabin okte, wato bit 4. Kowane adireshi yana da bit 20, rabin okte biyar ke nan, ko okte biyu da rabi. Da wannan tana iya nuna wurare 1,048,576, daidai da kilo-okte 512. Na'urar tana da rumbu iri biyu: rumbun dindindin da kamfani ya cika da kalmomi, wanda masana ke kira ROM, da rumbun aiki na mai na'ura, wato RAM. HP 48SX tana da kilo-okte 256 na farko da 32 na biyu. HP 48GX tana da 512 da 128.

Ɗan aiken da muka yi magana a kai umarni uku ne kacal na harshen na'ura. Na farko ya karanto rabin okte biyar daga inda yatsa yake. Na biyu ya gusar da yatsan gaba da biyar. Na uku ya yi tsalle zuwa aikin da alamar ƙofar wannan adireshi ta nuna. Kowace kalma ta asali, in ta gama aikinta, da waɗannan ukun take rufewa. Duk lissafin da na'urar ke yi, daga tara lamba biyu zuwa zana hoto, ta wannan ƴar ƙofa yake wucewa.

Alamar ƙofa ita ma rabin okte biyar ce a farkon kowane abu. Porogaram na farawa da 02D9D, lamba ta yau da kullum na farawa da 02933, rubutu na farawa da 02A2C, adireshin komawa kuwa shi ne 0312B. Waɗannan an rubuta su ne da ƙirgar sha-shida ta masu kwamfuta, shi ya sa ake ganin haruffa a ciki. Saboda kowane abu na ɗauke da alamarsa, kalmar + guda ɗaya ta isa: in ta ga lamba biyu ta tara su, in ta ga rubutu biyu ta manna su, in ta ga alamomin aljabara ta haɗa su su zama jimlar lissafi.

Akwai riba biyu da ake iya ƙirgawa. A harshen Saturn na asali, kiran wani aiki da ke nesa yana cin rabin okte bakwai. A zare biyar yake ci. Biyu cikin bakwai ba ƙaramin abu ba ne in aka ninka shi da dubban kira. Sannan tsibin komawa na cikin furosesar kanta hawa takwas kawai yake ɗauka, alhali na RPL yana cikin rumbun aiki, yana girma gwargwadon wurin da ya rage. Haka ma tsibin lambobi: HP-35 na da hawa huɗu, na HP 48 ba shi da iyaka sai cikar rumbu. Kuma abin da ke bisa tsibin adireshi ne kawai, don haka in aka ce DUP ta kwafi babban tebur na lambobi, rabin okte biyar kaɗai take kwafa.

Misali daga kanti

A Nijar harajin TVA kashi 19 ne cikin ɗari. Mai kanti da ke son na'urarsa ta riƙa ƙara shi sai ya rubuta « 1.19 * » ya adana da sunan TTC. In ya buga 20000 ya kira TTC, amsa za ta fito 23800.

A cikin rumbu wannan porogaram okte 23 ne. Alamar ƙofa, da alamar buɗewa, da kalmar ninkawa, da alamar rufewa, da adireshin komawa, kowanne okte biyu da rabi. Lambar 1.19 tana cin goma da rabi, don tana tafe da alamarta da gurbin lambobi goma sha biyu.

In yana ƙara kuɗin dako na sefa 500, sai ya rubuta « 500 + » da sunan DAKO, sannan « TTC DAKO » da sunan JIMLA. Yanzu 20000 JIMLA zai ba da 24300. Akwai bambanci guda da ya kamata a sani: kalmomin kamfani adireshinsu ake sakawa, tun da ba sa gusawa daga rumbun dindindin, amma kalmomin mai na'ura da sunansu ake nemo su, don suna iya canza wuri. Ribar hakan ita ce ranar da kuɗin dako ya tashi, DAKO kaɗai za a gyara, JIMLA za ta bi da kanta.

Kowa ya sha zuma ya sha harbi

Dabarar tana da nata farashi. Na farko shi ne gudu. Tsakanin kowace kalma da ta gaba sai ɗan aike ya yi zirga-zirgarsa, kuma furosesar HP 48SX megahaz 2 take gudu, ta 48GX kimanin 4. Shi ya sa masu rubuta wasanni da ayyukan da ke son sauri suke sauka zuwa harshen na'ura kai tsaye. RPL ya tanadi wannan: ana iya cusa guntun harshen na'ura a tsakiyar zare, da tasa alamar ƙofa.

Na biyu shi ne shara. Abubuwan wucin gadi da lissafi ke haifarwa suna taruwa a rumbun aiki. In ya cika sai na'urar ta ɗan tsaya, ta binciko waɗanda babu adireshin da ke nuna su kuma, ta share. Masu HP 48 sun san wannan ɗan jinkiri.

Na uku shi ne haɗari. RPL hawa biyu ne. Wanda aka ba kowa yana duba tsibi kafin kowane aiki, in kaya bai cika ba ko bai dace ba ya ba da saƙon kuskure. Na ciki, wanda injiniyoyin kamfani ke rubutu da shi, ba ya duba komai, shi ya sa ya fi sauri. Akwai umarni mai suna SYSEVAL da ke ba mutum damar aika ɗan aike kowane adireshi ya ga dama. In aka kuskure lamba guda, ɗan aike zai ɗauki shirme a matsayin alamar ƙofa, na'urar ta sandare, wani lokaci duk abin da aka adana ya salwanta.

Na huɗu ya shafi ɗan Adam. Mai karanta porogaram ɗin tsibi dole ya riƙe a kansa abin da ke kowane hawa. Gajeriyar kalma ba ta da wuya, amma doguwa mai cike da DUP da SWAP tana iya gagarar wanda ya rubuta ta bayan wata guda. Shawarar masu Forth tun da daɗewa ita ce a riƙa yin kalmomi gajeru masu suna mai ma'ana.

Inda zaren ya kai

Ɗaliban Faransa na cikin waɗanda suka fi tona cikin waɗannan na'urori. Paul Courbis da Sébastien Lalande sun wallafa littafin Voyage au centre de la HP48, wanda ya bayyana adireshin ciki da harshen Saturn ga duk mai so. Wasu matasa masu jin Faransanci, ciki har da Jean-Yves Avenard da Cyrille de Brébisson, sun rubuta manhajar Meta Kernel da ta ƙara wa HP 48 sauri, shi kuma Bernard Parisse, malamin lissafi a jami'ar Grenoble, ya rubuta manhajar aljabara mai suna Erable. Da HP ta zo fitar da HP 49G a 1999, aikin waɗannan mutane ta saka a ciki. Masu saye ne suka koma masu ginawa, kuma abin da ya ba su dama shi ne kalmarsu da ta kamfani a zare ɗaya suke tafiya.

HP 50g ta shekarar 2006 ita ce ta ƙarshe a wannan zuriya. Tana da furosesa ta zamani irin ta ARM, amma an sa ta kwaikwayon Saturn don tsohon ƙamus ya ci gaba da aiki. An daina ƙera ta a 2015. Forth kuwa ya yi nisa fiye da aljihu: kwamfutar da ke cikin Philae, na'urar Turai da ta sauka kan tauraro mai wutsiya a 2014, tana da furosesa da aka ƙera musamman don wannan harshe. Hatta tafintan Python, harshen da matasa da yawa ke fara koyo yanzu, yana amfani da dabarar tsalle kai tsaye daga umarni zuwa na gaba don rage ɓata lokaci.

Ɗalibin lise ko na jami'a a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da ke son ganin abin da idonsa ba sai ya nemo tsohuwar na'urar ba. Akwai manhajojin Android irin su Droid48 da Emu48 da ke kwaikwayon HP 48, akwai kuma Gforth, wanda kyauta ne, ga mai kwamfuta. Wanda ya riga ya fara koyon rubuta porogaram zai iya gina nasa ƙaramin harshen zare da kansa: tsibi biyu, ƙamus ɗaya, kalmomin asali ƴan kaɗan, da ɗan aike mai umarni uku. Sunayen kalmomin kuma babu abin da ya hana su zama na Hausa, tun da na'urar adireshi kawai take bi.